Jan ƙarfe kafin ya shiga wuta

Sana'ata naɗin koyil. Shekara 26 ke nan ina wani ɗan shago a Sabon Gari, ba nisa da Titin Faransa, ina warware ƙonanniyar waya daga cikin fanka da janareta da injin ban ruwa, ina naɗa musu sabuwa. Da za a tara jan ƙarfen da ya bi ta hannuna tun ina yaron shago, a-kori-kura ɗaya ba za ta kwashe shi ba. Na san warinsa idan ya ƙone. Nakan gane kaurin waya da yatsa tun kafin in ɗauko ma'auni. Na san koren harshen wutar nan da yake tashi idan 'yan jari-bola suna babbake roba daga jikinsa. Amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda yake kafin ya zama waya ba. Ni dai a kan kwarkwaro nake sayo shi, a kilo nake sayar da ƙonannen, magana ta ƙare.

Wani Alhaji ne ɗan Fagge ya buɗe mini ido, a daminar 2015. Fataucin duwatsu masu daraja yake yi, yau yana Zambiya, gobe Kwango, jibi Bankok. Ya kawo mini injin rijiyar burtsatsen gidansa, na gyara, ya zo karɓa. Bayan mun gama lissafi sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani abu ƙunshe a tsohuwar jarida, ya ajiye a kan bencina.

"Malam, buɗe ka gani. Ka san wannan?"

Na buɗe. Dutse ne kamar ƙwan agwagwa, kore shar. Samansa curi-curi kamar kumfar sabulu da ta daskare wuri guda, ga laushin gani irin na karammiski. A gefen da ya fashe kuwa zobe ne cikin zobe, wani kore mai duhu, wani mai haske, kamar an raba albasa ta tsakiya.

"Ban san shi ba, Alhaji. Amma nauyinsa ya fi girmansa."

"Uwar wayarka ce," in ji shi. "Daga irinsa ake narko abin da kake naɗawa kullum. Riƙe, na ba ka."

Ya ce sunansa malakayit, daga wajen Kolwezi a kudancin Kwango ya samo shi, kuma fiye da rabin nauyinsa jan ƙarfe ne. Daga baya na ga adadin a rubuce: kashi 57 cikin ɗari. Shi a wurinsa rarar kaya ne, don bai yi kaurin da za a yanka a yi tsakiya ko carbi da shi ba.

Abin da na yi a daren nan har yau yana ci mini rai. Na so in gwada maganar Alhaji, sai na sa filaya na ɓalle masa kusurwa ɗaya, na daka, na barbaɗa a wutar risho. Wutar ta yi kore. Na tabbatar, amma kusurwar da na ɓalle ita ce mafi kyau a jikinsa, inda wasu ƙananan curi uku suka haɗa kai, kuma babu gam ɗin da zai mayar da garin da ya riga ya ƙone. Abin da ya daɗe yana taruwa ɗigo-ɗigo a cikin duhun ƙasa, tun kafin a kafa Kano, ni na lalata shi cikin ƙiftawar ido don neman amsar da tambaya kawai za ta ba ni. Dutsen yana nan a sahun farko a kabad ɗina, kuma ban juya gurbin ya kalli bango ba.

Wanda ya zaunar da ni ya warware mini abin daki-daki wani malamin ilimin duwatsu ne a Jami'ar Bayero, wanda nake gyara wa janareta. Ya ce a can ƙasa sosai, inda iska ba ta kaiwa, jan ƙarfe yakan zauna a haɗe da farar wuta da baƙin ƙarfe, cikin wani ma'adini mai ruwan zinare da ake kira kalkofairayit. Ruwan sama yana tsiyaya ta tsagogin dutse ɗauke da iska, ya riƙa cin wannan ma'adini a hankali, ya narkar da jan ƙarfen ya tafi da shi. Idan ruwan ya ci karo da dutsen farar ƙasa, sai jan ƙarfen ya sake zama, amma da sabuwar kama, kore ko shuɗi. Inda aka yi dace akwai ɗan kogo a cikin dutsen, kuma babu abin da ya dame shi, sai ya sami sararin tsirowa da fuskoki da kusurwoyi, sumul kamar an goge. Shi ake kira kiristal. Babu hannun da ya sassaƙa shi. Kowane ma'adini da ƙirar da Allah Ya ba shi, ko a Maroko ya fito ko a Meziko, yadda fuskokinsa suke haɗuwa ba ya canzawa.

Yana faɗin haka sai na tuna koren dattin nan da ke fitowa a jikin tsohuwar waya idan ta sha damina, ko a kan tsohon kwabo. Ashe dangi ne. Abin da nake kankarewa da samfefa kullum ina tsaki, shi ƙasa take yi a natse har ya zama abin kallo.

Na biyu da ya shigo hannuna azurayit ne. Ɗan yayata yana karatu a Maroko, na roƙe shi ya nemo mini, ya dawo hutu da guda daga Tuwisit, wata tsohuwar mahaƙar dalma kusa da Wujda, dab da iyakar Aljeriya. Duk wanda ya taɓa ganin rawani ɗan Kura sabon bugu ya san launin nan, shuɗin da ya yi duhu har ya koma baƙi, yana sheƙi. Ka ajiye shi a inuwa sai ka rantse gawayi ne. Ka ɗaga shi saitin taga da hantsi, sai gefunan su kama haske, shuɗi ya fito kamar zanen da aka tsamo yanzu daga karofin Ƙofar Mata. Kiristal biyar ne a tsaye kamar ruwan wuƙa, mafi tsawonsu bai kai gaɓar yatsa ba. A gindin ɗaya daga ciki kore ya fara cin shuɗin. Na ɗauka lalacewa ce, har na ji ba daɗi, sai malamin ya ce ai wannan ne ma ya ƙara masa daraja. Azurayit da malakayit kayan haɗinsu ɗaya ne, jan ƙarfe da iskar kabon da ruwa, bambancin a yawan kowanne ne kawai. Da tafiyar zamani a cikin danshin ƙasa shuɗin yakan rikiɗe ya koma kore, amma ƙirar ta tsaya yadda take, sai ka ga dutse da jikin azurayit da launin malakayit. Nawa an ciro shi ana tsakiyar wannan rikiɗa, ta tsaya cak a inda aka same ta. Nakan daɗe ina kallon iyakar nan tsakanin launukan biyu.

Shi wannan azurayit ɗin ne ya koya mini tsoron hunturu. A lokacin a falo nake jera su a buɗe, a kan teburin talabijin. Ƙura ta sauka, uwargida tana share-share ta sa tsumma ta goge su yadda take goge tangaran. Ba laifinta ba ne, ban taɓa hana ta ba, don ni ma ban san illar ba. Da na duba da madubin ƙara girma sai na ga zane-zane sirara a kan babbar fuskar, sheƙin ya dushe. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Azurayit da malakayit suna tsakanin 3 da rabi zuwa 4. Ƙwayar yashi tana 7. Ƙurar da iskar hunturu take kwaso mana daga hamada kuwa cike take da ƙananan ƙwayoyin yashin nan, saboda haka tsumma a kan ƙura a kan azurayit daidai yake da samfefa. A makon na sa kafinta ya yi mini kabad mai gilashi, na bi bakin ƙofar da roba irin ta firji. Ƙananan a kwalin ashana nake sa su da 'yar auduga a ƙasa, ban da malakayit mai gashi-gashi, shi auduga sarƙe shi take yi, wajen cirewa ta tsinke masa gashin. Ƙura hure ta nake yi da 'yar robar nan ta masu gyaran agogo. Ruwan batir da lemun tsami ba sa shiga ɗakin, domin duk abu mai tsami cin su yake yi har da kumfa.

Akwai abin da ya fi ƙura ɓarna, shi ne mantuwa. Ranar da malamin jami'ar ya fara zuwa gidana ganin kayan, lokacin sun kai goma sha ɗaya, duk wanda ya ɗaga tambayarsa ɗaya ce: "Wannan daga ina?" Na amsa uku. Sauran na ce daga kasuwa. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, dutsen da ba a san garinsu ba maraya ne. Kyansa yana nan, amma ba shi da labarin da zai ba ka." Ya ce masu wannan harka takardar da ke tare da dutse adana ta suke yi kamar takardar fili: sunan ma'adinin, sunan ramin da ya fito, lardi, ƙasa, shekarar da aka haƙo shi, da hannun waɗanda ya bi. Na ce to, amma a raina na ɗauka ƙa'idar 'yan boko ce kawai. Sai da dayoftes ya zo na gane.

Shi ne mafi tsada a kabad ɗina, kuma bai fi ƙwayar gurjiya girma ba. Wata bakwai na yi ina ware wani abu daga kuɗin aiki, sannan wani abokina da ke zaune a Jamus ya saya mini a wurin mai sayar da tsofaffin tarin duwatsu, ya ba mai zuwa gida ya kawo. Kore ne shi ma, amma haske yana ratsa shi, kamar ɗanyen ganye da rana ta biyo ta bayansa bayan an ɗauke ruwa. Kiristal takwas ne zaune a kan dutse fari fat. A ƙarshen ƙarni na 18, da aka fara samunsa a Kazakistan, an ɗauka zumurrudu ne, sai gwaji ya nuna taurinsa 5 ne kawai alhali zumurrudu ya haura 7. Wani masanin Faransa mai suna Haüy ne ya raɗa masa sunan da yake amsawa yau, a 1797.

A cikin ɗan akwatin akwai takardu biyu. Ɗaya sabuwa, ɗaya ta tsufa ta yi ruwan ƙasa, an buga ta da tafireta da Jamusanci. Kalma ɗaya suka haɗu a kai: Tsumeb.

Tsumeb gari ne a arewacin Namibiya. Kafin zuwan Turawa akwai wani tudu a wurin, tsayinsa kamar mita 12, kore saboda malakayit, mutanen yankin suna sassaƙo shi suna sayar wa maƙeran ƙabilar Obambo. Jamusawa suka fara haƙa a farkon ƙarni na 20, aka bi jijiyar ma'adinin ƙasa-ƙasa har zurfin fiye da mita 1,600, aka rufe ramin a 1996. A wannan rami guda an sami ma'adinai iri fiye da 200, da dama daga cikinsu a nan aka fara ganin su a duniya. Yau ruwa ya cika ramin. Ke nan duk dayoftes ɗin Tsumeb da zai fito ya riga ya fito, babu ƙari. Wanda yake hannuna, wani lebura ne ya hango shi a cikin duhu da fitilar goshinsa, ya ga bai kamata ya tafi injin niƙa ba, ya lallaɓa ya ciro shi bai fasa ko kusurwa ɗaya ba. Ni da na taɓa sa filaya a jikin malakayit na san irin haƙurin da wannan yake buƙata. Nakan yi masa fatan alheri duk lokacin da na buɗe akwatin. Ba don 'yar takardar nan ba, da ramin da leburan da shekarun duk sun ɓace, da ɗan koren dutse ne kawai. Tun daga ranar, dutse ba ya shiga kabad ɗina sai da takardarsa. 'Yata ta tsakiya, mai kyan rubutu, ita take rubutawa, kuma akwai littafi dabam da muke sake shigarwa da lamba, ko da takardar ta ɓata.

Ga abin da ke damuna. Da yawa daga cikin mafiya kyawun abin da ya fito daga Tsumeb da yankin Katanga na Kwango da Maroko suna gidajen adana kayan tarihi a Landan da Faris da Washinton. Kowace Fabrairu ana cin kasuwar duwatsu a Tusan, a jihar Arizona ta Amurka, tun 1955, kuma duwatsun Afirka suna cikin waɗanda ake rububi a kai. Mu da ƙasar take tamu, yawancinmu ba mu taɓa sa ko ɗaya a ido ba. Ba na cewa duk ƙwace aka yi. Da yawa saye aka yi, kuma da ba a adana su a can ba da tuni sun shiga wuta. Amma a wurinmu dutse in ba za a sa shi a zobe ba, to a buhu za a zuba shi a ɗora a sikeli, kuma a cikin buhun nan kusurwoyi suke karyewa tun kafin mota ta bar daji. Na sha ganin ɓaraguzan abin da na san da an naɗe shi a takarda tun a bakin rami da ya fi buhun gaba ɗaya daraja.

Baƙin da suke shiga ɗakina tambaya biyu suke yi. Ta farko: "Nawa kilo?" Wani abokina ɗan jari-bola ya ɗaga kufrayit ɗina, wani ja mai duhu kamar ruwan zoɓo da ya ji haɗi, ya jinjina shi a tafin hannu. Na gaya masa wannan kusan kashi 89 cikin ɗari jan ƙarfe ne, duk cikin kabad ɗin babu ma'adinin da ya kai shi in ban da jan ƙarfen kansa. Ya ce to me nake jira? Na ce ko an narke shi ba zai ba ni wayar naɗa fanka ɗaya ba, kuma wayar ina da ita a shago, amma fuskoki takwas ɗin nan da yake da su babu kamfanin da yake sayarwa. Ya mayar da shi a hankali. Yanzu shi da kansa yakan kira ni idan ya ga wani baƙon dutse a cikin kaya.

Tambaya ta biyu ta fi tayar mini da hankali: "Maganin me ne?" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda nake girmamawa kamar uwa, ta shigo wajen uwargida ta ga malakayit ɗin.

"Ɗan nan, ɗan ɓanto mini wannan koren in jiƙa wa jikana, ciki ke damunsa."

"Hajiya, ki yi haƙuri, wannan in ya shiga ciki guba ne. Ki bari gobe in kai ku asibiti."

Ba ta ji daɗi ba a ranar, amma mun je. Tsamin da ke cikin ciki yana narkar da malakayit yadda lemun tsami yake yi, jan ƙarfen ya shiga jiki. Gaskiya ne Masarawan dā sun riƙa niƙa shi suna shafawa a ido kamar kwalli, amma wannan ba hujja ba ce. Mu nan Arewa mun ga abin da garin dutse yake yi. A 2010 a Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Don haka a gidana ba a daka dutse, ba a lasa, ba a jiƙawa, kuma wanda ya taɓa sai ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Yaran layinmu sukan zo ranar Juma'a bayan an sauko, in buɗe kabad, ni nake riƙewa su suna kallo da madubi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma masu kallona a kaikaice, suna zaton wani tsibbu ne ko kayan neman kuɗi. Ba na fushi. Nakan tuna musu ayar nan ta Suratu Faɗir da take jan hankalinmu ga duwatsu masu zane-zane, farare da jajaye masu launi dabam-dabam da baƙaƙe ƙirin. Kallo aka ce mu yi mu yi tunani, ni kuma abin da nake yi ke nan.

An cuce ni sau ɗaya, kuma gara in faɗa don wani ya tsira. A 2019 na ga hoton wani dutse a Facebook, shuɗi mai haske kamar an kunna masa fitila a ciki, manyan kiristal, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Na saya. Araha ba ta ado. Da hunturu ya kama sai na ga ya fara yin fari-fari yana zubar da gari. Na ɗiga masa ruwa a gefe, ruwan ya gangaro shuɗi. Malamin ya duba ya ce kalkantayit ne, gishirin jan ƙarfe da farar wuta, irin wanda manoman koko suke haɗa maganin feshi da shi. Akwai na asali a ƙasa, amma irin waɗannan manya masu tsabta yawanci a bokiti ake shuka su: a narka gishirin a ruwan zafi, a jefa dutse, cikin 'yan kwanaki kiristal sun tsiro a kai. Ga shi guba ne sosai, ga launin da zai ja yaro ya kai baki. Na rufe shi a kwalba, 'yata ta rubuta masa takarda kamar kowa, da sunansa da kalmar "na bogi". Haka kuma carbi da awarwaron malakayit da ake yawo da su, da yawa roba ce. Na gaske yana da sanyi a hannu, yana da nauyi, kuma zanensa kore ne cikin kore. In ka ga baƙin layi ƙirin tsakanin koren, ka ji shi sakayau, ka ɗana masa allura mai zafi a ɓoyayyen gefe, wari zai gaya maka gaskiya.

Akwai guda ɗaya da ya fi kowanne kusa da sana'ata. Jan ƙarfe ne tsagwaronsa, yadda ya fito daga ƙasa, bai taɓa ganin maƙera ba. Wani likita da nake yi wa aiki ya kawo mini daga Mishigan a Amurka, daga yankin Kiwino a bakin tafkin Sufiriya, inda mutanen asalin ƙasar suka riƙa ciro shi suna bugawa da dutse shekaru dubbai da suka wuce. Ya yi rassa kamar busasshen reshen ƙaya. Ranar da ya zo na ɗauko mita na ɗora masa baki biyu a hankali, ɗaya a wannan reshe ɗaya a wancan. Mita ta yi ƙara. Wuta za ta bi ta cikinsa kamar yadda take bin wayar da ke shagona. Na daɗe a zaune da shi a hannu.

Duk waɗannan baƙi ne, kuma na daɗe ina son na gida. A 2022 na shirya na tafi Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, tsohon garin haƙar kuza a kudancin jihar nan tamu. Na kwana biyu. Na zauna da masu haƙa, na nuna musu hotunan kabad ɗina a waya, na ce ba kuza nake nema ba, ina son duk wani dutse mai ɗigon ruwan zinare da ba a fasa ba. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Yaro, wannan ai zinaren wawaye ne, zubarwa muke yi." Na ce, "Baba, shi nake so." Ya aiki ɗansa ya kawo mini guda uku. Kalkofairayit ne, ɗigo-ɗigo a cikin farin dutse, tare da wani baƙin ma'adini mai sheƙi. Bambanta shi da zinare ba wuya: zinare in ka danna shi lanƙwashewa yake yi, wannan kuwa marmashewa yake, kuma in ka goga shi a bayan tangaran zanen da zai bari baƙi ne mai ratsin kore. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa jan ƙarfe ne. In don kyau ne ba zai tsaya kusa da na Tsumeb ba, a kasuwar Tusan babu mai waiwayarsa. Amma takardarsa ni na rubuta ta da hannuna a bakin ramin, da sunan wurin da ranar, kuma a ƙarƙashi an sa "Jihar Kano". Shi yara suka fi tsayawa a kai idan na karanta musu takardar.

Yanzu duwatsuna 43 ne. Akwai gurbi ɗaya da na bari a sahun sama, babu komai a ciki. A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya ga ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari ana narkawa a cikin gidaje, ana zuba shi sanda-sanda, masu kauri da sirara. Da sandunan nan ake cin kasuwa, sirara a sayi nama da itace, masu kauri a sayi gero da man shanu. Ya ce daga nan ake ɗaukarsa zuwa Gobir da Borno. Masana da yawa suna ganin Takedda ita ce kufan Azelik, arewa maso yamma da Agadas, inda ake samun jan ƙarfe ƙanana-ƙanana a cikin dutse. Ke nan jan ƙarfen da ya shigo ƙasar Hausa shekaru kusan 700 da suka wuce, wani daga cikinsa daga wannan ƙasa ya fito, a bayan raƙuma.

Akwai wani Buzu mai sayar da kayan azurfa da fata a kasuwar Kurmi, mun saba shekara da shekaru, danginsa suna wajen Ingal, a yankin da Azelik take. Na roƙe shi idan hanya ta yi kyau ya je gida, ya sa a nemo mini ɗan dutse ɗaya daga can. Na ce ba daga cikin kufan ba, abin da mutanen dā suka bari a bar shi inda yake, daga jikin dutsen daji nake so, ko da bai fi ƙwayar wake ba. Na ba shi kwalin ashana da auduga a ciki, da fensir, da 'yar takarda a ninke. Na ce kafin ya sa dutsen a jaka, ya fara rubuta sunan wurin, da Larabci ko da Tifinag, rubutun Buzaye, duk wanda ya fi masa sauƙi, 'yata za ta juya. Ya ce in Allah Ya yarda bayan babbar salla.